Aiki Ɗaya, Layi Ɗaya: Tsara Ayyuka a Manhajar Jeri Mai Rassa



Shirin yau na masu yawan hidima ne. Malamin makaranta, ɗan kasuwa, sakataren ƙungiya, ɗalibar jami'a, da duk wanda ke rubuta abin da zai yi a waya ko kwamfuta don gudun mantuwa. Matsalar da za a duba ƙarama ce a ido, amma tana cin lokaci, wani sa'in har kuɗi take ci. Mutum ya rubuta aiki ɗaya a wuri uku. Ya yi aikin. Ya soke shi a wuri guda. A sauran wurare biyun kuwa yana nan daram, kamar ba a taɓa shi ba.

Da farko za a bayyana irin manhajar da ake magana a kai. Daga nan a ga inda maimaici ke shigowa. Sai maganinsa. A ƙarshe kuma, wuraren da kwafi ya halatta, da yadda ake share wanda ya riga ya taru.

To, mu fara da manhajar.

Akwai wasu manhajojin rubutu da ba sa aiki da shafi da sakin layi. Da layi suke aiki. Kowane layi yana da ɗan ɗigo a gabansa. Ana iya tura layi ya shiga ciki kaɗan, ya koma ƙarƙashin wanda ke samansa. Shi ma a ba shi nasa na ƙarƙashi, haka har inda ake so. Babban kai, ƙananan kawuna, sai bayanai. Wannan shi ne jeri mai rassa.

Abin da ya bambanta shi da rubutun takarda shi ne motsi. Idan aka danna babban layi, duk na ƙarƙashinsa sai su naɗe su ɓuya. A sake dannawa, su buɗe. Idan aka ja layi zuwa wani wuri, da 'ya'yansa da jikokinsa yake tafiya, ba a barin ko ɗaya a baya. Ana kuma iya shiga cikin reshe guda, ya cika fuskar wayar, sauran duk su kau daga ido.

Dabarar ta daɗe. A ranar 9 ga Disamba, 1968, a birnin San Francisco na Amurka, wani injiniya mai suna Douglas Engelbart ya zauna gaban masana kwamfuta kusan dubu. Ya shafe minti 90 yana nuna musu tsarin da shi da abokan aikinsa suka gina a cibiyar bincike ta Stanford. A taron ne aka nuna wa jama'a ɓeran kwamfuta, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur. To, da me ya gwada musu tsarin rubutun? Da jerin cefane. Ya jera kayan da za a sayo, ya kasa su gida-gida, ya naɗe wasu, ya buɗe wasu, har ya haɗa su da wuraren da zai tsaya a hanyarsa ta komawa gida.

A 1983 Dave Winer ya fitar da manhajar ThinkTank, wadda ta kai wannan tsari ga masu ƙananan kwamfutoci. A 1986 ya biyo da MORE don kwamfutar Macintosh. A yau akwai WorkFlowy, wadda ta fito a 2010. Akwai Dynalist, da Logseq, da Roam Research, da OmniOutliner. Akwai kuma Org-mode, wadda masu rubuta manhaja suka fi riƙo da ita. Sunaye daban-daban, ƙashin baya ɗaya.

Yanzu sai kashi na biyu. Ta ina maimaici ke shigowa?

Ku kasa kunne a nan, don a nan gizo ke saƙar. A jeri mai rassa, kowane layi uwa ɗaya gare shi. Yana zaune ne ƙarƙashin kai ɗaya tak. Ayyukan rayuwa kuwa ba haka suke ba. Aiki ɗaya yana da mai shi, yana da wurin da za a yi shi, yana da ranar da za a yi shi, yana da wanda zai yi shi. Kowanne cikin huɗun nan yana jan aikin zuwa ɓangarensa.

A ɗauki tela misali, saura mako uku Sallah. Kaya sun taru a shago, kowa na cewa nasa za a fara. Telan nan mai tsari ne, ya buɗe jeri a wayarsa. Babban kai: masu ɗinki. A ƙarƙashi, kowane mutum da layinsa. Akwai wani alhaji da ya kawo shadda ruwan toka, yadi goma, babbar riga da 'yar ciki da wando. Ƙarƙashin sunansa akwai awo, akwai kafin alƙalamin da ya bayar, akwai ranar karɓa. Sai layi ɗaya na aiki: a sayo zaren aiki ruwan gwal.

Har nan komai daidai.

Amma telan yana da wani kai da ya sa wa suna kasuwa, inda yake tara duk abin da yaron shago zai sayo: zif, maɓallai, roba, allurar keke. Zaren alhaji ma ai a kasuwa za a saye shi. Sai ya kwafi layin ya liƙa a can. Layi ya zama biyu. Ranar Talata da safe ya buɗe wani kai mai suna yau, ya sake liƙa shi. Layi ya zama uku.

Da hantsi alhaji ya bugo waya. Ya fasa ruwan gwal, ruwan azurfa yake so. Tela na kan keke, ya ciro waya da hannu ɗaya, ya shiga sunan alhaji, ya gyara, ya mayar aljihu. A ransa an gama. Bayan azahar yaro ya dawo daga kasuwa da zare ruwan gwal.

"Kai, ba na ce azurfa ba?"

"Wallahi maigida, gwal na gani a rubuce."

Kuma gaskiyar yaron ce. Gwal ne a rubuce a jerin kasuwa. Gwal ne a jerin yau. A wuri ɗaya cikin uku kaɗai aka gyara.

Masu sauraro, ku lura da abin da ya faru. Ba sakaci ne ya jawo ba. Ƙoƙarin tsari ne ya jawo. Telan yana son ya ga zaren idan ya buɗe sunan alhaji, yana kuma son ya gan shi idan za a tafi kasuwa. Bukatar gani ce. Sai ya biya ta da kwafi. Daga lokacin da aka kwafa, layukan nan sun rabu. Babu wanda ya san halin da ɗan'uwansa ke ciki.

Masana kwamfuta sun daɗe da cin karo da wannan. A 1970 wani Bature ɗan Ingila da ke aiki da kamfanin IBM a Amurka, Edgar Codd, ya fitar da wata takarda da ta zama tushen rumbunan bayanai na zamani, irin waɗanda bankuna da asibitoci ke amfani da su. Cikin abubuwan da aikinsa ya yi yaƙi da su har da maimaita bayani. Idan an rubuta adireshin mutum a wuri goma, ranar da ya tashi daga gidan sai an gyara wuri goma. A manta da ɗaya, rumbun ya fara faɗin magana biyu. Maganin shi ne a rubuta adireshin sau ɗaya, duk mai bukatarsa a nuna masa can. Masu rubuta manhaja ma suna da irin wannan ƙa'ida, wadda Andrew Hunt da David Thomas suka yayata a littafinsu na 1999: kowane bayani ya kasance da mazauni ɗaya da aka amince da shi.

Abin da ya yi wa banki aiki zai yi wa shagon tela.

Wannan ya kawo mu kashi na uku, wato magani. Shi ne mafi tsawo, don haka a gyara zama.

Tushen maganin ɗaya ne. Kowane aiki a rubuta shi sau ɗaya, a gida ɗaya. Duk wani wuri da ake son ganinsa, a nemi hanyar hango shi daga can. A hango shi, kada a kwafe shi.

Tambayar farko ita ce, ina ne gidan? Ƙarƙashin alhaji, ko kasuwa, ko yau?

A zaɓi abin da ba ya sauyawa. Yau gobe za ta zama jiya. Zuwa kasuwa da yamma an gama shi. Wanda zai je ma yana iya sauyawa, idan yaro bai zo aiki ba maigida ne zai tafi da kansa. Amma zaren nan na rigar alhaji ne, yau da gobe da bayan Sallah. Idan wata uku suka wuce aka zo ana gardamar kalar da aka yi aiki da ita, sunan alhaji za a buɗe. To nan ne gidan. Ga malami, gidan aiki shi ne ajin ko darasin. Ga sakataren ƙungiya, taron ko aikin gayyar da ake shiryawa. Ga ɗaliba, kwas ɗin. Rana da wuri da mai aiwatarwa ba gidaje ba ne, bayanai ne da ake rataya wa aikin.

Da me ake rataya su? Da tambari.

Tambari kalma ce da ake sa wa alamar hash a gaba, alamar nan da ake dannawa a ƙarshe idan za a duba kuɗin waya. Telan zai bar layin zare ƙarƙashin alhaji, ya ƙara masa hash kasuwa. Zif ɗin wata hajiya yana ƙarƙashin sunanta, shi ma hash kasuwa. Maɓallan kaftanin ango, hash kasuwa. Idan lokacin aike ya yi, sai a danna tambarin. Manhajar za ta ɓoye komai, ta bar layukan da ke ɗauke da shi kaɗai. Ga jerin kasuwa ya fito, ba wanda ya zauna ya rubuta shi. Abin daɗin kuma, kowane layi ana ganinsa da sunan mai shi a sama. Kuma layin da ake gani shi ne na asali. A gyara shi a nan, an gyara shi ke nan. A soke shi a nan, an soke shi ke nan.

Wannan dabara ma tana da tarihi. A 1988 kamfanin Lotus ya fitar da manhajar Agenda, wadda Mitch Kapor na cikin waɗanda suka tsara ta. A cikinta ana rubuta abu sau ɗaya, a jingina shi ga rukunai da yawa. Sannan a 2001 David Allen ya wallafa littafinsa Getting Things Done, inda ya ba da shawarar a riƙa kasa ayyuka bisa yanayin da ake yinsu: na waya, na fita gari, na gaban kwamfuta, na gida. Tambari shi ne hanya mafi sauƙi ta yin haka ba tare da an taɓa gidan aikin ba.

Sai dai tambari ma yana haihuwa idan aka sake. Yau a rubuta hash kasuwa, gobe hash sayayya, jibi hash cefane. Ma'ana ɗaya, tambari uku, kuma danna ɗaya ba zai kawo na sauran ba. An gudu ba a tsira ba. Don haka a tsayar da 'yan kaɗan, biyar ko shida sun isa yawancin mutane. A rubuta su a layi guda a saman jerin, a riƙa dannawa daga can.

Hanya ta biyu ita ce madubi.

Wasu manhajoji suna barin layi ɗaya ya bayyana a wurare da yawa, alhali shi ɗaya ne. WorkFlowy madubi take kiran wannan. A Roam Research da Logseq ana nuni ga layi daga wani wuri, ko a dasa shi ɗungurungum da 'ya'yansa. Tsohuwar MORE ta Dave Winer ma tana da irinsa tun a shekarun 1980. Shi kuwa tunanin a nuna rubutu ɗaya a wurare da yawa ba tare da kwafi ba, wani masani mai suna Ted Nelson ya daɗe yana kiran a gina duniyar kwamfuta a kansa. A ido, madubi da kwafi kama ɗaya suke. Bambancin yana bayyana ne lokacin gyara. Da madubi telan ya sa a jerin kasuwa, da lokacin da ya goge gwal ya rubuta azurfa ƙarƙashin alhaji, nan take na kasuwar zai sauya.

Wani zai ce, tunda akwai tambari, mene ne amfanin madubi? Amfaninsa jerantawa. Tambari yana kawo ayyuka ne bisa yadda suke zaune a cikin jerin. Ba ya sanin wanne ya fi gaggawa. Amma mai shirya aikin yau yana son ya ce wannan da safe kafin a ɗauke wuta, wancan bayan azahar, na ukun in an samu sarari. Da madubi zai iya jera su yadda yake so ƙarƙashin kan yau, ya ja wannan sama ya tura wancan ƙasa, su kuma na asali ba su motsa daga gidajensu ba.

A ra'ayin shirin nan, tambari ya kamata ya zama abin yau da kullum, madubi kuwa na lokaci-lokaci. Jerin da madubai suka yi masa yawa yana rikita ido, har mai shi ya kasa tuna inda asalin abu yake. Akwai kuma wani gargaɗi. Manhajoji sun bambanta wajen abin da ke faruwa idan aka goge layin da ke da madubi. Kafin a dogara da shi, a rubuta layin banza, a yi masa madubi, a goge ɗaya, a ga abin da ya sami ɗayan. Gwajin minti ɗaya ne.

Hanya ta uku, kwanan wata. Carsten Dominik, masanin taurari a Jami'ar Amsterdam, shi ya fara Org-mode a 2003 don tsara aikinsa. A cikinta mutum yana sa wa layi ranar da zai fara shi ko ranar da wa'adinsa zai cika. Sai manhajar ta bi duk fayilolinsa, ta tattaro abin da ya faɗo a yau ko a wannan mako, ta jera masa a fuska ɗaya. Ba a rubuta jerin yau da hannu. Shi yake haɗa kansa kowace safiya daga layukan asali. Sauran manhajojin ma galibi suna da hanyar sa kwanan wata da binciko shi.

A nan ne ake maganin ayyukan da ke dawowa. Sa wa keke mai duk mako. Canja man janareta. Biyan kuɗin haya. Mai kwafi zai rubuta sa mai sau hamsin da biyu a shekara, ko ya bar tsofaffin da bai soke ba su taru. A Org-mode layi ɗaya ake rubutawa, a ce ya maimaita duk mako. Da an ce an gama, sai kwanan watan ya matsa gaba da kwana bakwai, layin ya koma jiran aiki. Inda manhaja ba ta da wannan, a yi da hannu: a bar layin, a sauya ranar.

Saura wata ƙofa da maimaici ke shigowa ta cikinta, ita ce ƙofar gaggawa. Abu ya faɗo wa mutum a rai yana cikin adaidaita sahu. Ya tura wa kansa a WhatsApp. Da daddare ya tuna, ya rubuta a bayan rasit. Da safe ya sa a manhaja. Washegari ya ga saƙon WhatsApp ɗin, bai tuna ya riga ya shigar ba, ya sake sawa.

David Allen ya ba da shawarar wuraren tarawa su zama kaɗan iya yadda za a iya. A jeri mai rassa, a ware layi ɗaya a can sama, a kira shi akwati. Duk abin da ya zo, a jefa shi ciki ba tare da tunanin gidansa ba. Sau ɗaya a rana a buɗe akwatin. Abin da bai kai minti biyu ba, a yi shi nan take, wannan ma ƙa'idar Allen ce. Sauran a kai su gidajensu. Ku riƙe kalmar nan da kyau: a kai su. A ja layin, ko a yanke a liƙa. Kada a kwafa. Idan an gama, akwatin ya zama fanko. Kafin a ajiye sabon layi kuma, a binciki kalma ɗaya daga cikinsa, ko da ma yana nan.

Bayanai fa, waɗanda ba ayyuka ba? Awon alhaji, misali. Tsawo, kafaɗa, hannu, wuya. Alhaji yana kawo ɗinki sau uku ko huɗu a shekara. Idan kowane ɗinki da kwafin awonsa, ranar da ya ce a ƙara masa inci ɗaya a wuya, an shiga irin rikicin zare. Awon ya zauna sau ɗaya ƙarƙashin sunansa, kowane sabon ɗinki ya zo a matsayin reshe kusa da shi.

Wani malamin ilimin zamantakewa a Jami'ar Bielefeld ta Jamus, Niklas Luhmann, ya yi irin wannan ba tare da kwamfuta ba. Ya tara katuna kusan 90,000 a akwatunan katako kafin rasuwarsa a 1998. Kowane kati yana da lambarsa da ba ta sauyawa, kuma yana zaune a wuri ɗaya. Idan wani tunani ya shafi wani kati da ke can nesa, sai ya rubuta lambar wancan katin, ya wuce. Mai amfani da littafin rubutu na takarda zai iya bin sawunsa yau. Ya sa wa shafuka lamba. Maimakon sake rubuta awo, ya rubuta duba shafi na 12.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, ana magana ne kan tsara ayyuka a manhajar jeri mai rassa ba tare da maimaici ba. An ce kowane aiki layi ɗaya, a gida ɗaya. Tambari da madubi da kwanan wata su ne hanyoyin hango shi daga wasu wurare.

Yanzu kashi na ƙarshe. Shin kwafi haramun ne gaba ɗaya? A'a. Akwai inda shi ne daidai, madubi kuma ya zama ɓarna.

Na farko, matakan da ake bi kowane lokaci. Duk sabon ɗinki sai an yi awo, an karɓi kafin alƙalami, an yanka, an kai wajen mai aiki, an haɗa, an goge, an kira mai kaya. Telan zai iya rubuta matakan nan sau ɗaya ya ajiye a gefe, duk wanda ya kawo kaya a kwafa masa. Wannan ba maimaici ba ne. Yankan rigar alhaji daban, yankan kaftanin ango daban. Kalmomin ne iri ɗaya, ayyukan biyu ne. Da madubi aka yi, soke yankan alhaji zai soke na ango, alhali yadinsa na nan a leda ko almakashi bai gani ba.

Na biyu ya fi wannan muhimmanci, wato farashi. A ce telan yana da layin kuɗin ɗinkin babbar riga. Ya yi ciniki da alhaji a farkon azumi. Ana saura kwana goma Sallah ya ƙara kuɗi, kamar yadda aka saba. Idan madubin farashin ya sa ƙarƙashin sunan alhaji, adadin zai tashi da kansa, a zo karɓar kaya a yi ta ja-in-ja. Abin da aka yi yarjejeniya a kai a rubuta shi da lamba da kwanan wata, ya tsaya cak. Haka awon yara. Awon yaro na bara ba a goge shi a rubuta na bana a kansa idan ana son tarihi, sabon layi ake yi da sabuwar rana.

Ga tambayar da ke raba gardama: idan wancan ya sauya, ana son wannan ma ya sauya? Idan e, madubi ko tambari. Idan a'a, kwafi.

Akwai kuma maimaicin da ba hannun mutum ya yi shi ba. Mai amfani da waya da kwamfuta a kan jeri ɗaya, idan ya yi gyara a waya babu netwok, ya kuma yi wani gyaran a kwamfuta, lokacin da suka haɗu da intanet manhajar ba ta san wanne za ta ɗauka ba. Wasu manhajojin ajiyar fayil, kamar Dropbox, sukan ajiye duka biyun, su sa wa ɗaya alamar cewa an samu saɓani. A wuraren da netwok ke zuwa yana ɗaukewa wannan ba baƙon abu ba ne. Kafin a bar na'ura ɗaya a koma ɗayar, a kunna data, a jira ta gama aikawa. Idan jerin na haɗaka ne tsakanin maigida da yaransa, a yi ƙa'ida: kowa a akwati yake zuba sabon abu, mutum ɗaya ke rarrabawa.

Wanda jerinsa ya riga ya cika da tagwaye kuma, kada ya ce zai share duka a zama ɗaya. Ya ware rabin awa a mako, ranar da hidima ta lafa. Ya ɗauki reshe guda. Kowane aiki, ya binciki kalmar da ta fi fita daban a cikinsa. Idan layi biyu suka fito, ya zaɓi wanda ke gidan gaskiya. Kafin ya goge ɗayan, ya buɗe shi tukuna. Sau da yawa lambar waya ko wani muhimmin bayani yana naɗe a ƙarƙashin kwafin, babu shi a na asalin. Ya kwashe su ya mayar gida, ya ƙara tambarin da ya dace, sannan ya goge.

Masu rubutu da Hausa suna da wani tarko nasu a wajen binciken nan. Haruffa masu ƙugiya. Mutum ɗaya zai rubuta ɗinki da ƙugiya a wayar da ke da allon Hausa, ya rubuta shi da d zalla a kwamfuta, wani lokacin ma ya sa waƙafi a sama bayan d ɗin. A wajen manhaja, galibi waɗannan kalmomi uku ne daban-daban. A binciki ɗaya, sauran biyun ba za su fito ba, mutum ya ɗauka babu tagwaye. Haka kuɗi, haka maɓalli, haka ƙarfe. A tsayar da salon rubutu ɗaya a duk na'urorin. Tambura kuwa, gara a zaɓo su daga kalmomin da ba su da ƙugiya ko kaɗan: kasuwa, waya, gida, banki, yau. Wajen sharar tsofaffin layuka, a binciki kalmar da ƙugiya, a sake binciken ta babu ƙugiya, sannan a yanke hukunci.

A nan shirin zai dasa aya.